Kwanon da Bai Yi Gumi Ba

Ni kaɗai na lura kwano ɗaya bai yi gumi ba. Rana ta take, man shanun da ke sauran kwanuka shida na rumfar Gwaggo duk ya fara narkewa ta gefe, wannan kuwa yana nan daram kamar sabulu.

Gwaggo ƙanwar babana ce, shekararta ashirin da biyu a rumfar nan. Ba ta karɓar kaya sai ta lakato kaɗan ta murza a bayan hannu: na gaskiya yakan bi fata ya ɓace, na algus ya bar gari-gari. Amma a makon nan ruwan zafi ya ƙona ta, hannayenta biyu a naɗe, sai ta karɓi kwanon wani sabon dillali ba gwaji.

Na daɗe ina juya maganar a baki kafin na raɗa mata. Ina rufe baki kasuwa ta ɗauka: jami'an duba abinci sun shigo layinmu, kuma duk rumfar da aka kama da algus kwaɗo za a garƙama mata. Maƙwabciyarmu mai kayan yaji ta ce a tura kwanon ƙarƙashin benci, wa zai leƙa.

Gwaggo ta dube ni. "'Yar boko, ara min hannunki."

Na murza. Gari-gari.

Ta ce in ɗauko shi. Muka ratsa jama'a, tana gaba ina baya, har gaban shugaban jami'an, wanda ake kira Mai Cokali saboda cokalin da ba ya barin aljihunsa.

"Ranka ya daɗe, kafin ka same shi a rumfata, ga shi na kawo maka da ƙafata."

Ya narkar da cokali guda na man, ya ɗiga masa wani magani mai ruwan ƙasa. Nan take man ya koma shuɗi, layi ya kaure da hayaniya. Ya ce dafaffen dankali aka kwaɓa a ciki. Ya biyo mu ya gwada kwanuka shidan ɗaya bayan ɗaya, ina ƙirgawa a zuci, duk suka fita tas. Gwaggo ta kwatanta musu dillalin har da haƙorinsa da ya guntule, suka same shi a bakin tasha da kwano goma sha biyu.

Mai Cokali ya mayar da kwaɗonsa jaka, yana tsokanarta wai ta zo ya ba ta aiki. Mai kayan yaji ta rantse dama shawarar da ta bayar ke nan.

Gwaggo ta sa na saƙala mata mafici tsakanin yatsu, ta zauna ta ci gaba da korar ƙuda.