Na Ce Iska Nake Kira, Suka Yarda

A shekarar farin nan da aka rufe iyakar Najeriya, ni saurayi ne mai kaifin baki, mai ganin ya sha birni ya fi kowa. Ɗan wani ƙauye ne ni a ƙasar Gazawa, ba zan faɗi sunansa ba. Da ciwon fuka aka haife ni, irin wanda in ya tashi ana jin kukan ƙirjina daga bayan danga. Shi ya hana ni noma, ya kai ni Maraɗi, inda na samu aikin wanki da guga a gidan likitocin ƙasar Sin, waɗanda muke ce wa Shinuwa. Wani tsoho a cikinsu ya tarar da ni wata safiya na durƙushe bakin famfo ina kokawa da numfashi. Bayan ya ba ni magani, sai ya koya mini wani motsa jiki na ƙasarsu: ka tsaya ka sassauta gwiwa, ka ɗaga hannuwa a hankali kana jan numfashi har mara, sannan ka tura su gaba kana sakinsa. Da guntuwar Hausarsa ya ce mini iska ce ake tarawa a jiki a daidaita ta. Ban raba shi da shan magani ba, amma wallahi ya taimake ni, har na soma barci a kwance kamar kowa.

Ana nan sai saƙo ya zo cewa Inna, mahaifiyata, ita kaɗai ce a gida. Baba ya daɗe da rasuwa, yayyena sun tsallaka kudu neman abinci, iyaka ta rufe da su. Na koma na tarar rumbunmu wayam, gari ya koma cin dusa da anza da ganyen jiga. Abin da ya riƙe ran Inna shi ne maƙwabta. A garinmu duk gidan da aka ɗora tukunya, komai ƙanƙantarta, sai an ɗiba a kwano an miƙa wa tsohuwar da ba ta da kowa ta kan danga. Ɗan abin da na zo da shi bai jima ba ya ƙare, ni kuma ƙirji ya hana ni aikin ƙarfi, sai muka zama mu biyu a kan kwanon nan.

Kullum da hantsi nakan fita bayan gari in yi motsina. Mutane suka fara tsayawa kallo. Wani dattijo, abokin Baba, ya tambaye ni cikin lallami ko wace irin salla ce wannan mara ruku'u. Da na ce masa maganin fuka ne, da magana ta mutu a nan. Amma bakina bai bar ni ba. Na ce masa iska nake kira, in na kira ta kuwa sai ta zo, na kwashe da dariya. Shi bai yi dariya ba. Ni numfashi nake nufi, shi kuwa abin da ya ji daban: ko iskokin bori, ko iskar da ke watsa hadari, ko duka biyun. Inna ta ja mini kunne. Ta ce magana zarar bunu ce, kuma mai jin yunwa ba ya gane wasa, in je in ba dattijon haƙuri in warware masa. Na ce mata ƙauyanci ne ke damunsu, ni ba zan je ba.

Damina ta yi nisa ba ɗigo, shuka ta ƙone, aka fita roƙon ruwa, har da ni. Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Mata suka fito da tukwane, tsofaffi na kuka suna hamdala. Ni kuwa ƙurar da ke gaban hadari ta tayar mini da fuka, maganina ya ƙare tuntuni, ƙirjina ya kulle har ina ganin duhu. Na fita fili na fuskanci inda sanyi ke fitowa, na shiga ɗaga hannu ina turawa gaba, ina neman raina. A daidai lokacin iska ta taso da ƙarfi ta tarwatsa hadarin, ko yayyafi ba a yi ba. Wasu mata da ke dawowa daga rijiya sun gan ni, tsaye, ina tura hannu wajen hadari.

Washegari maigari ya kira ni. Wannan karon na faɗi gaskiya, na rantse, na yi kuka. Liman ya ce ba a hukunta mutum da zato, ruwa na Allah ne. Ba wanda ya taɓa ni, ba wanda ya ce mu tashi. Kwano ne kawai ya daina zuwa. Inna takan jawo tabarma gindin danga da yamma ta zauna kamar tana shan iska, ni na san abin da take jira. Na bi gida gida ina durƙusawa, ina cewa ni su kore ni, su kashe ni ma, amma su ciyar da tsohuwar da ta yanke cibiyar 'ya'yansu. Wata goggo ta ce mini daga bayan ƙyaure, jikanta na kwance rai a hannun Allah, ba za ta cire daga bakinsa ta kai gidan da aka kore musu ruwa ba. Na shiga daji neman ganye, amma an riga ni. Ƙafafun Inna suka kumbura, ta daina iya tashi alwala. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar lokacin nan ba.

Da na ji ana rabon hatsi a garin Agye, sai na roƙi wani makiyayi da shanunsa suka ƙare, saura jaki, ya ɗauke mu. Inna ba ta so ba. Ta ce a bar ta ta mutu a ɗakinta, a kwantar da ita kusa da mijinta. Na ɗauke ta cak na ɗora, ba ta fi damin kara nauyi ba. Mun isa, an ba mu kunu, amma cikinta ya riga ya ƙi karɓa. Ba ta taɓa ce mini ga irinta nan ba. Abin ƙarshe da ta tambaye ni shi ne ko ƙirjin ya sake ni. Baƙi ne suka yi mata sutura, suka rufe ta cikin baƙi. Ba a yi sadakar bakwai ba labari ya iso cewa bayan tashinmu an yi ruwa a garinmu kamar da bakin ƙwarya. Daga nan na san ko na haɗiye Alƙur'ani ba mai yarda da ni, ban kuma sake taka garin ba.

Yanzu na tsufa. Ban ga laifin motsin nan ba, ban kuma riƙe mutanenmu a zuci ba, yunwa ce ta yi musu tunani. Ina roƙon masu karatu, musamman samarin da suka koyo wani abu a waje: in na gida suka tambaye ku, ku faɗa musu da harshen da za su gane, kada ku yi musu ba'a da abin da suke tsoro. In uwa ta ce je ka ba da haƙuri, tashi ka je tun ƙafarta na iya raka ka. Ni na ƙi zuwa gidan dattijo ɗaya, na ƙare da durƙusa wa gari guda, kuma bai dawo mini da ita ba. Duk wanda ya karanta wannan, ya sa Inna a addu'a.