Tsirkiyar Komon Babana

Ranar wata Laraba ce da hantsi, mako uku bayan an yi shuka, a shekara ta biyu ta babban farin nan, ina da shekara tara. Ina tsugune ina tsinke ganyen tafasa a faifai sai Babana ya fito da komonsa ya zauna a inuwar rumbu, rumbun da ko ɓera ya daina leƙawa. Ya shimfiɗa abu biyu a kan buzu. Ɗaya tsirkiya ce ta ƙirgi wadda ya murza da hannunsa, ɗayar kuwa waya ce siririya mai ƙyalli da aka zaro daga birkin keke. Ya yafito ni da hannu, ya ce da ƙarfi kamar mai kiran wanda ke ƙetaren rafi, alhali ina gabansa, "Uwata, ajiye ganyen nan, zo ki zaɓa mini." Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai taɓa kama sunana ba har ya koma ga Allah.

Yaran yanzu da yawa ba su san komo ba. Babbar garaya ce, ƙaton duma aka rufe da fata, da doguwar sanda da tsirkiya biyu. Ƙaramar ita ce mai surutu, babbar kuwa ita ce mai kaurin murya, wadda in an taɓa ta a cikin cikinka za ka fara jin ta kafin kunne. Babana makaɗin manoma ne a ƙauyenmu da ke gefen Makoɗa. In mai gona ya kira gayya, samari da magidanta suka jeru da garemani, shi ne ke bin bayansu kunya-kunya yana kiɗa yana yi wa kowa kirarin kakansa, har raggo ya ji kunya ya kai bakin iyaka. 'Yar gonarmu ba ta ci da mu wata huɗu, abincinmu a wuyan komon nan yake. Da kaka sai ka ga damman gero da dawa suna shigowa gidanmu a kan jakai, wannan daga gidan wane, wancan daga gidan wane.

Tun ina ƙarama na ga yadda yake haɗa babbar tsirkiya. Ba kowace fata yake karɓa ba, sai ta gadon bayan bijimin da ya ƙoshi. Ya jiƙa ta kwana biyu, ya kankare gashin, ya yanka siriri da aska, ya murza a cinyarsa, sannan ya ɗaure tsakanin turaka biyu a inuwa, kullum yana shafa mata man shanu har ta yi laushi ta yi duhu. Yakan ce, "Tsirkiya abin da saniya ta ci take faɗa." Irin wannan takan yi damina biyu ba ta tsinke ba. To, a shekarar da nake ba ku labari shanu ba yanka su ake yi ba, faɗuwa suke a bakin hanya. Fatu sun yi arha har ana ba da su kyauta, amma in ka ɗaga su a rana sai ka ga haske ta ciki. Man shanu kuwa, wanda ya samu ai ba fata zai shafa wa ba. Uku Babana ya murza, biyu suka tsinke tun suna kan turke, ɗaya ce ta tsira. Wayar kuma ƙanensa da ke gyaran keke a Makoɗa ya aiko masa, ya ce wasu makaɗan sun koma sa ta, shekara biyar sai ta yi ba abin da ya same ta.

Abin da garin bai sani ba shi ne, sanƙarau ɗin da ya kwantar da Babana da bazara ya tafi da jinsa. Ya tashi, ya warke, amma in ba ka tsaya a gabansa ya ga bakinka ba, ko ganga ka buga ba zai waiwayo ba. Daga ni sai Inna muka sani, ta kuma ja mini kunne kada in kuskura in faɗa ko a wurin wasa. Hannunsa bai manta kiɗa ba, kuma yana jin bugun a cikinsa inda duman yake jingina, amma ko muryar tsirkiya ta hau ko ta sauka, wannan ya kuɓuce masa. Ni kuwa Allah bai ba ni kan boko ba, daga aji uku na tsaya, malaminmu ya gaji da dukana a kan lissafi, amma ya ba ni kunne. Ina kwance a ɗaki nakan gane jakin wa ke kuka. A shekarar nan da sautin taɓarya nake sanin gidan da ke da sauran hatsi da gidan da dusa kawai ake kirɓawa don kada maƙwabta su gane. Har aka zo lokacin da unguwarmu in gari ya waye turmi biyu kaɗai ke magana. Gaɗa ta mutu a dandali, 'yar gala-gala ma mun daina, wa ke da ƙarfin tsalle? Wasanmu ya koma bin tururuwa har raminta, mu tona, mu sheƙe 'yar tsabar da ta tara mu kai gida.

Ƙanena Ɗanlami yana da shekara biyu, ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja, kukansa ya koma kamar na ɗan mage. A cikin wannan hali Alhaji Sabo, wanda shi kaɗai ya rage da rumbu a rufe a ƙauyen, ya kira gayyar noman farko ranar Alhamis, ya aiko cewa in Babana ya riƙe masa mazaje daga safe har azahar, dami biyu na dawa nasa ne. Dami biyu, da ganye da dabarar Inna, za su kai mu har tumu ya nuna. Babu wata gayyar a bayanta, kowa ya san haka.

Shi ya sa ya kira ni zaɓe. Ya fara ɗaura wayar ya kaɗa. Ƙara ce kawai, kamar an saki kwanon sha a kan daɓe, tana ƙarewa da wani ƙaiƙayi a haƙori. Ya kwance ya ɗaura ta ƙirgin. Wallahi ban taɓa jin tsirkiya mai daɗin wannan ba, ko a shekarun ƙoshi. Wataƙila sirantar fatar ce ta ba ta wannan murya, mai zurfi da ɗan rawa a ƙarshe, kamar kukan sa daga nesa da yamma. Har Inna ta tsaya da wankin da take yi. Amma sai ta zagayo gabansa don ya ga bakinta, ta ce, "Malam, sa wayar nan. Ciki ba shi da kunne." Ya girgiza kai ya ce shi bai taɓa kaɗa wa mazaje birkin keke ba, kuma mutanen da suka kwana da yunwa ba ƙarar ƙarfe za ta ɗaga musu garma ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Wacce ta yi magana?" Da ya tambaye ni wacce za ta kai azahar, da ban sani ba. Abin da ya tambaya shi na amsa, na ɗora yatsa a kan ta ƙirgin. Inna ta koma kan wankinta.

Muka shirya yadda za mu yi a gona ba tare da kowa ya gane ba. Zan bi shi da butar ruwa kamar yadda 'ya'ya ke yi. In na ji murya ta sauka sai in taɓa ɗankwalina, shi kuma ya ja zoben fatar da ke riƙe tsirkiya a jikin sanda. In ta daidaita in sauke hannu.

Da asubahin Alhamis aka yi ɗan yayyafi, gari ya waye da laima, raɓa har gwiwa. Mutum kusan arba'in suka jeru, wasu sun ɗaure ciki da rawani. Babana ya taɓa komo, ya ɗaga murya, sai na ga bayan mutane ya miƙe. Ƙasa mai danshi tana tashi, ana ihu, wani dattijo da bai yi dariya ba tun mutuwar shanunsa har da juyi da garma a sama. Ba a daɗe ba tsirkiyar ta sha laima ta saki, murya ta yi ƙasa. Na taɓa ɗankwali, ya ja. Can ta sake sauka, na sake taɓawa, ya ja. A karo na uku ya dube ni ya ɗan daɗe, kamar zai ƙi, amma na bar hannuna a ka, don kunnena ba ya ƙaunar murya ta kauce ko da kaɗan. Ya ja. Sai daga baya na san abin da kowane tsohon makaɗi ya sani, cewa tsirkiyar fata da safen damina a sake ake barinta, ana haƙuri da muryarta, domin in rana ta ɗaga ita za ta ɗaure ta da kanta. Babana ya san wannan sarai, da kunnensa ne da ya san inda zai tsaya. Amma ya ba ni amana, ni kuma ba wanda ya taɓa gaya mini.

Rana ta fito sosai, ina ji muryar tana hawa da kanta, tana hawa, ba mu kuma shirya alamar sassautawa ba. Na matso ina jan rigarsa, yana tsakiyar kirari bai kula ba. Hantsi bai gama ɗagawa ba tsirkiyar ta tsinke, ta zane shi a kumatu har jini ya fito. Garemani suka tsaya. Wani tsoho ya dafa garmarsa ya ce, "Tsirkiya ta tsinke a tsakiyar kunya. Allah Ya sa ba damina ce za ta tsinke ba." A shekarar ƙoshi da dariya za a yi, a jira ya ɗaura wata. Amma mutanen da suka shekara biyu suna kallon sama komai alama ne a wurinsu, ga shi wayar tana gida a kan buzu. Alhaji Sabo ya kira Babana daga bayansa, sau uku yana kiran sunansa, Babana na durƙushe yana ƙoƙarin ƙulla abin da ba ya ƙulluwa, bai waiwayo ba. Wani yaro ya je daidai ƙeyarsa ya tafa hannu, bai motsa ba. Nan kowa ya gane. Na ji wani yana cewa ashe kurma ne ke yi mana kiɗa tun safe. Aka ci gaba da noman a sanyaye, kafin azahar rabi sun zame, gonar ko rabi ba a kai ba.

Tiya ɗaya aka aiko mana da ita, aka ce sadaka ce. Ruwa kuma ya ɗauke wajen mako uku, mata suka riƙa sauya hanya in sun hango Babana da komo. Ɗanlami bai ga tumu ba. Da la'asar aka fita da shi a 'yar tabarma, Inna ta zauna a bakin murhun da ba wuta har magariba. Ba ta taɓa ɗora mini laifi da baki ba, amma ta yi wata guda ba ta kira ni tsifar kai ba. Babana ne ya zaunar da ni ya ce, "Kunnenki bai yi ƙarya ba, Uwata. Rana ce ta fi mu hannu." Ya ɗaura wayar bayan haka, ba ta kuwa taɓa tsinkewa ba, shekara goma sha ɗaya tana nan har ya rasu. Sai dai ba wanda ya sake kiran sa gayya. Ya koma saƙar zana da igiya, komon kuwa da yamma yake ɗauka ya kaɗa wa kansa a tsakar gida. In ya gama ya dube ni, ni kuma in gyaɗa kai, alhali haƙorana suna tsami.

Yau gayya ta zama labari, maganin feshi da injin huɗa sun karɓe aikin, matasa a kan babur suke kai buhuna kasuwar Dawanau, kowa da waƙarsa a cikin waya. Wani jikana yana bin masu kiɗan biki a birni, yana kaɗa wata doguwar jita mai kaurin murya. Ya nuna mini tsirkiyoyinta, huɗu a cikin leda, ya ce akwai masu daɗin murya da ke saurin mutuwa, akwai masu ƙarko da ba su kai su daɗi ba, shi duka yake saye ya zuba a jaka. In ɗaya ta tsinke ana tsakiyar rawa sai a yi masa tsiya, ya sauya, a ci gaba, ba gidan da zai kwana da yunwa a kanta. Na gode wa Allah da ya zo a zamanin da zaɓe ba ya cin rai. Amma duk kiɗan da na ji tun daga lokacin, ban sake jin murya irin ta safiyar nan ba, kuma har yau ban san ko ina so in sake ji ba.