Gaisuwar Gurguwa

Malam Labaran na Zawaciki ya yi rabin rayuwarsa a wata masaƙa a Sharada, gaban wani injin saƙa da ma'aikata suka laƙaba wa suna Gurguwa. Sauran injuna tafiyarsu sumul, ita kuwa sai ta buga, ta buga, ta ɗingisa. Labaran ya rantse magana take yi: "Sannu, sannu, Labaran." Abokan aiki suka yi ta yi masa tsiya, wai duk Kano ƙarfe ne kaɗai ke gaishe shi. Ko a jikinsa. In ya koma gida, sai ya ɗora ɗansa Sagir a cinya, ya kifa kwanon tuwo ya buga masa gaisuwar Gurguwa.

Daga baya masaƙar ta rufe, aka sayar wa 'yan gwangwan injunan. Abin da ta bar masa shi ne nauyin kunne, kullum kuma ƙara toshewa yake.

Shi kuwa Sagir karatu ya kai shi Turai, ya ɓige da tsara kiɗa, irin wanda ake rubutawa a takarda, mutane su cika dandamali da goge manya da ƙanana suna bi. Labaran bai so ba sam. "Mu ba gidan makaɗa ba ne," in ji shi, ya ƙi ko tambayar yadda abin yake.

Bara Sagir ya zo gida da ƙatuwar sifika, ya durƙusa ya ce, "Baba, wannan kiɗan dominku na rubuta. Ku daure ku ji."

Labaran ya ce a kunna. Aka kunna. Yana kallon matarsa Sauda ta riƙe haɓa, amma shi ban da wani gunji daga nesa ba abin da ya iso masa. Aka ƙure murya, duk ɗaya. Ya ga fuskar Sagir ta canja, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Shekara da shekaru yana ƙin ji, yau ga shi yana so, kunne ya ƙi.

Sai ya tuna. Ai a masaƙa ba wanda ke sauraron inji da kunne, ƙara ta yi yawa. Ta tafin ƙafa ake ji.

"Kifa ta a kan bencin nan," ya ce wa Sagir.

Ya tuɓe takalmi, ya ɗora ƙafafunsa a kan katakon. Da farko wata rawa ce mai nauyi, kamar safiyar da aka tada injuna gaba ɗaya. Sannan a tsakiyarta wani abu ya buga, ya buga, ya ɗingisa.

Ƙarfen da aka narkar tuntuni, ga shi yana tafiya a hannun mutanen da ba su taɓa jin sunan Sharada ba, kuma ta bayan kwanon tuwonsa ya bi ya kai can! Ikon Allah. Labaran ya rasa inda zai sa mamakinsa, hawaye suka gangaro cikin gemunsa.

Sagir ya matso kusa da kunnensa ya ɗaga murya. "Baba, kun ji?"

Labaran ya ɗaga masa hannu alamar ya dakata. Ana gaishe shi, bai amsa ba tukuna.

"Yauwa," ya ce wa bencin a hankali. "Sannu kadai."