Yadda Ake Tsayar da Jirgi a Kan Tauraro Mai Wutsiya

Sau ɗaya a rayuwata wani mai ilimi ya yi min tambaya don yana son amsa, ni kuma na mayar masa da shaƙiyanci. Wautar ta fi wadda na tafka ranar da na bar aji biyu na firamare, bayan malami ya ce in rubuta takwas, na ce masa ai wannan ƙullin igiya ne, na iya tun a gida.

Mai tambayar ƙanina ne. Ni na tashi a bakin kogi a Lau ina tuƙa kwale-kwale tare da babanmu, shi kuwa ya yi karatu, ya koyar da kimiyya a wata sakandare a Jalingo har ya yi ritaya. Da gwiwoyina suka ƙi aikin ruwa na dawo unguwar Sintali a Jalingo kusa da shi. Ina ce masa Farfesa, yana ce min Hamma, wato yaya, kuma tun muna yara ba mu iya magana da juna ba sai da tsiya. In na shiga gidansa in tambaye shi ko yau ma duniya tana juyawa, ya ce tana juyawa, kaina ne kawai ya tsaya.

A shekarar da ya yi min tambayar ne ƙafafunsa suka fara kumbura. Ya ce gishiri ne ya yi yawa a miya. Matarsa ta kalle ni, ni kuwa na bi maganar gishirin don ta fi sauƙin ɗauka.

Wata rana bayan azahar ya kira ni a waya ya ce in zo yanzu. Na same shi a gindin mangwaro, ƙafa bisa kujera, rediyo a gefe, waya a hannu. Ya ce Turawa sun harba wani kumbo, ya yi shekara goma yana bin wani tauraro mai wutsiya, yau zai sauke wata na'ura a kai, girmanta bai wuce ƙaramin firij ba. Na ce to Allah ya kawo su lafiya, su taho mana da tsaraba.

Bai yi dariya ba. Ya shiga yi min bayani a hankali. Wai tauraron dutse ne da ƙanƙara, yana gudu yana juyi, kuma ba ya jan abu ƙasa yadda duniya ke yi. Na'urar in ta taɓa shi da ɗan ƙarfi sai ta yi tsalle ta koma sama, shi ya sa aka saka mata mashi mai igiya, irin wanda masunta ke sukar babban kifi, ta caka ta riƙe. Kuma saƙo sai ya yi kusan rabin awa kafin ya isa can, don haka ba mai iya ce mata dama ko hagu. An sake ta, shi ke nan.

Sai ya ajiye wayar.

"Hamma, in ruwa ya cika yana ja, gaɓa kuma tana zaizayewa, yaya kuke tsayar da jirgi?"

Na san amsar kamar sunana. Ba a nufar inda za a tsaya. Sama da wurin ake nufa, a bar ruwa ya kawo ka a karkace, ka rage filafili tun da nisa, ka kafa gora. Kuma duk iyawarka kana son mutum a bakin gaɓa ya cafe igiya, wanda su can ba su da shi. Duk wannan yana bakina. Amma shekara sittin ina jiran tarkonsa, na ɗauka so yake in buɗe baki ya yi min dariya. Na ce ya gaya wa Turawan su aiko mota, ba na koyarwa a zaune. Ya sake tambaya. Na ce ko ya manta kifi ba ya zuwa makaranta.

Bayan la'asar labari ya zo cewa na'urar ta sauka. Ya tafa kamar yaro. Washegari aka ce mashin bai fita ba, ta yi tsalle har sau biyu, ta faɗa gindin wani tsauni inda rana ba ta isa, ita kuwa da hasken rana take cajin batir. Kwana biyu ina zuwa ina tarar da shi da rediyon. Ya ce mutanen suna ta sauri ta turo duk abin da ta gano kafin ta yi shiru. Daga nan ta yi shiru.

Ran nan ne ya ce in kai shi Lau, in saka shi a kwale-kwale ko sau ɗaya, don bai taɓa riƙe filafili ba. Na dubi ƙafafunsa na ce da waɗannan buhunan ai nitsewa za mu yi, a bari ruwa ya ja baya. Ya ce to.

Ruwa ya ja baya shi kuwa yana asibiti. Ƙoda ce, kuma ya daɗe da sani. Na riƙa kai masa kunu ina ce masa wutsiyar tauraron ce ta make shi, yana murmushi don ya rufa min asiri. Sau biyu na zo da niyyar in faɗa masa maganar gora da igiya, sai in tarar da tsoffin ɗalibansa cike da ɗakin suna Turanci, in zauna a bakin ƙofa.

Ranar ƙarshe da na same shi yana iya magana, ba kowa sai matarsa. Na ce Farfesa ya ci sa'a, Baba ya zaɓe shi ya kai shi inuwar makaranta, ni ya bar ni rana tana gasa min ƙeya. Likita ya iso bakin ƙofa lokacin da Farfesa ya juyo gare ni.

"Kai ya zaɓa, Hamma. Kullum da safe ina tsaye a gaɓa da allona, ina kallon ku biyu kuna tafiya."