Kwabon da Na Wanke wa Kawu

A gidanmu ba a barin babba ya ɗauki kaya. Ko leda ce mai ɗauke da albasa biyu, in yaro ya tsaya yana kallo babba na riƙe da ita, ranar zai ji a jikinsa. Da wannan tarbiyya na zo Kuala Lumpur karatu, kuma ita ce ta kai ni ta baro.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya riga ni zuwa. Malamin jami'a ne da ya zo neman digiri na uku da furfurarsa. Bene ɗaya muke a unguwar Taman Melati, shi a hawa na huɗu da abokansa, ni a na tara da wata 'yar Katsina. Sunan kakata Inna na ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "uwata". In ya so tsokana ya ce "uwata sarkin faɗa", kuma ban musa ba, ina da baki.

Ana cikin kullen korona Inna ta rasu. Ba jirgi, ba hanya. A waya muka ji, a waya muka yi kuka, a waya aka nuna mana makara tana fita daga zaure. Bayan kwana bakwai Kawu ya roƙi abu ɗaya tak daga cikin kayanta: wani tsohon kwabo mai huji da take ɗaure da makullin ɗakinta tun tana amarya. Aka duba sama da ƙasa, makulli na nan, kwabo ya yi layar zana. Kawu bai yi faɗa ba. Amma daga ranar ya shiga neman irinsa, har ya zama mutumin da ke karanta littattafan tsoffin kuɗi yana mantawa da shayinsa.

Da aka sassauta kulle, wata Asabar ya kira ni da sassafe.

"Uwata, shirya. Ana baje kolin tsoffin kuɗi a cikin gari. Yau ko in samo irin na Inna ko ƙafata ta ƙare."

Na ce, "Kawu, yanzu kuɗin da ba ya sayen ko barkono za mu je mu saya da mai saye?"

Ya ce in dai taho da jaka. Ni kuwa na ɗauko Gana-mas-go ɗina mai ja da fari, wadda na zo da kuka da daddawa a ciki.

Wayyo kunya! A ƙofar zauren aka haska mana na'urar zafi a goshi, muka nuna shaidar korona a waya, sannan na ɗaga kai na ga mutane. Kowa da 'yar jakarsa a ƙirji, wasu na jan ƙaramin akwati mai taya, shiru kamar asibiti. Ni kaɗai ce ke tafe jakata na ƙara, ƙwaras ƙwaras, tana tashin ƙanshin daddawa. Mai gadi ya leƙa ciki, ya dube ni ta saman takunkumi, ya ce, "Boleh, boleh," wato in wuce. Ina jin dariya yake yi, Allah ya taimake shi ban ga bakinsa ba.

Zauren nan ya fi filin ƙwallo. Tebur bayan tebur, kuɗi na kwance cikin gilashi kamar zinaren amare. Na lura duk wanda zai taɓa kwabo sai ya sa farar safar hannu, ya riƙe shi ta gefe da yatsa biyu. Na ce a raina, kai, mutanen nan sun iya tsoron korona. Ban tambayi kowa ba, na yanke hukuncina na wuce.

Kawu kuwa ya zama yaro. Nan ya sayi littafi mai kaurin bulo, na ce, "Kawo, Kawu." Can ya sayi kundin jera kuɗi har biyu, na ce, "Kawo." Gilashin dubawa, kawo. Robar ruwa, kawo. Kafin azahar kafaɗata ta fara tsami, hannun jakar ya yi mini zane a tafi, takunkumi ya jiƙe sharkaf. Wani dattijo Ba'indiye ya tsayar da ni, ya nuna mini akwatinsa mai taya, ya ce haka ake zuwa irin wannan wuri: mai nauyi a ƙasa a ja shi, mai daraja a aljihun ƙirji. Na yi masa godiya da baki, a zuci na ce, malam, ja naka in ɗauki nawa.

A can ƙarshen zaure muka sami wani tsoho Basine da kwalaye cike da kuɗin ƙasashen Afirka. Kawu ya ja kujera. Ga anini, ga sisi, ga sule, ga kwabo mai huji ba iyaka, wasu na walƙiya kamar yau aka buga su. Na nuna masa wani mai kyau.

"Ga shi nan, Kawu, mu tafi."

Ya girgiza kai. Ya yi ta ɗagawa yana ajiyewa har ƙafata ta yi sanyi. Can sai na ga hannunsa ya tsaya. Wani baƙi ƙirin ya ɗauko, na tagulla, tauraron jikinsa ya kusa shafewa, bakin hujin ya cinye ta gefe ɗaya inda zare ya daɗe yana gogarsa.

A hankali ya ce, "Wannan ne. Kamarsu ɗaya."

Na ce, "Haba Kawu! Duk masu kyan nan sai wannan mai dattin? Ko rowa ce ta motsa?"

Tabarau ya cire yana gogewa da bakin riga. Tsohon ya sa kwabon a 'yar takarda mai tagar leda, ya miƙa masa da hannu biyu. Kawu na shirin sa shi a aljihu na yi caraf na karɓe.

"Kawo, Kawu. Ina tsaye za ka riƙe kaya?"

"Uwata, wannan ai ba kaya ba ne."

"Ko allura ce."

Ya yi dariya ya bar mini. Na jefa shi cikin Gana-mas-go, tsakanin littafi da robar ruwa.

Muka tsaya a unguwar Brickfields muka ci shinkafa a shagon mamak, wato Indiyawa Musulmi, ya sa aka ƙulla mana tapau, wato ƙunshin abinci, na dare, shi ma na ce kawo. A jirgin ƙasa Kawu sai hira yake, yana ba ni labarin yadda Inna ke ƙwanƙwasa masa makullin nan a ka in ya saci ƙuli-ƙuli. Rabon da in ji yana dariya haka tun kafin rasuwar. Da muka sauka ya ce zai tsaya masallaci ya yi la'asar, in wuce da kaya zai hawo ya karɓa.

To, a lokacin nan duk abin da ya shigo ɗakina daga waje sai ya yi wanka. Tumatir, kwalin madara, makulli, har takardar kuɗi na taɓa shanyawa a taga. Na zazzage jaka, na goge littattafai da man kashe ƙwayoyin cuta, sai ga kwabo. Na ɓalle takardar, na juya shi a tafina. Hannu nawa ya taɓa wannan abu? Kuma a ce abin tunawa da Inna ne, matar da tukwanenta ke ɗaukar ido, a bar shi da wannan dauɗa? Ina! Ba a gabana ba.

Na yanka lemun tsami, na ɗebo toka daga kaskon turaren wuta, na haɗa da gishiri, na zauna na dirje shi kamar gindin tukunya. Da ya yi gardama na sa masa soson ƙarfe. Wallahi ya yi kyau. Ya fito ja wur, yana sheƙi. Har na ɗora shi a kan farin faranti.

Kawu ya yi sallama, na tare shi da faranti ina washe baki.

"Rufe ido, Kawu. To, buɗe!"

Ya buɗe. Ya dubi faranti, ya dube ni, ya sake duban faranti. Sai ya nemi kujera ya zauna, bai ko cire takalmi ba.

"Uwata, me kika yi masa?"

"Wanka. Ba ka ga ya dawo sabo ba?"

Sannan ya ce, ba da faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi:

"Baƙin nan na saya. Sababbi ai kin gan su cike da kwali. Na Inna, man ƙuli da gumin hannunta ne suka mai da shi haka. Da na ga wannan sai na ji kamar hannunta na gani."

Sai a lokacin na gane farar safar nan ba ta korona ba ce. Na durƙusa, hawaye na zuba, na ce gobe tun da safe zan koma zauren in tone kwalayen tsohon nan kaf. Ya ce an tashi baje kolin yau, kuma ko ba a tashi ba, ya duba duka, guda ɗaya ne.

Ya ɗauki kwabon, ya riƙe shi ta gefe yadda masu safa ke yi, yana juya shi a hasken taga. Can ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba.

"Ita ma fa sabo aka ba ta. Ranar da aka kai ta ɗaki, yana ƙyalli kamar wannan." Ya miƙo hannu. "Ina makullinki?"

Na miƙa masa. Ya zare zare daga bakin Gana-mas-go ɗin da ta fara tsinkewa, ya zura a hujin, ya ƙulla da makullin ɗakina, ƙulli uku.

"Tun safe kike cewa kawo, kawo. To ga shi, riƙe. Wannan kayan ba a saukewa. Kuma in na sake jin ƙanshin lemun tsami kusa da shi, ni da ke ne."

Yana nan a makullina har yau. Ya sha gumin jirgi, ya sha man girki, ya bi ni har Kano. Duk sanda na je gaida Kawu, kafin ya amsa gaisuwa sai ya miƙo hannu, in ba shi makulli ya duba. Zuwana na ƙarshe ya kai shi kusa da tabarau, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ya fara, uwata. Gefen hujin ya fara baƙi."