Azarar Zauren Babanmu

Shekarar da nake tuƙi a wani kamfanin gine-gine a Doha aka haɗa ni da wani dattijo kafinta, ɗan Koriya. Wani attajiri ne a Al Thumama ya dage sai an kafa masa rumfar katako irin ta Koriya a lambunsa. Ni nake ɗauko dattijon daga Al-Sadd kullum. Mutum ne mai surutun tsiya, Turancinsa kuwa ya fi nawa karyewa.

In Turanci ya ƙare masa sai ya koma hannu. Ya jingina tafukansa biyu ya ce tsofaffin gine-ginensu da suka rage yawanci haka rufinsu yake, gangare biyu, ba wani ado. Daga baya aka fi son mai gangare huɗu da ɗan goshi a sama, bakin rufin ya miƙo waje, kusurwoyinsa suka ɗaga, aka yi ta ƙara katakan tallafi tsakanin ginshiƙai. A ƙauyensu kuwa, yana yaro aka yaye ciyawar ɗakin mahaifiyarsa aka buga kwano.

Ni hankalina yana Zariya. Babanmu magini ne, shi ya yi wa zauren gidanmu rufin ɗaurin guga na azara da laka da hannunsa. Tun rasuwarsa ba wanda ya hau ya yi masa yaɓe kafin damina. Aikin babban ɗa ne, babban ɗan kuma ni ne, ga ni nan ina ta fafarar mota a titin West Bay. Ƙanena ya ishe ni da waya, wai zaure na yoyo, a rushe a sa kwano. Na ce kada wanda ya taɓa sai na zo. Kafil, wato ubangidana a wurin aiki, kuma ya ce ba hutu sai an gama rumfa.

Wata rana na tambayi dattijon yadda suke yi in rufi ya tsufa. Ya ce sauke shi ake yi a hankali, a cire katakon da ya ruɓe, a mayar da masu lafiya mazauninsu. Wallahi sai na ji sanyi a raina. Azarar giginya ai gara ba ta cin ta! Ko zauren ya zube, in azara na nan, zan nemo tsohon magini ya mayar.

Da azahar na kira ƙanena.

"Ko za ku sauke, ku adana min azarar nan."



"Yaya, ai ya rufta tun ruwan farko. Inna ce ta ce kada a faɗa maka kana ƙasar mutane."

"Azarar fa?"

"Rannan da aka yi sunan ɗana itace ya ƙare mana."

Na kifa kaina a sitiyari na yi kuka, ban ma kashe wayar ba.