Guzurin Kaka na Tafiya Makka

Har yau in na ji rugugin jirgin sama sai na ɗaga kai, ko da tuwo nake tuƙawa. Kakata ce ta bar mini wannan hali.

A wani ƙauye kusa da Gazawa na tashi, a ɗakinta, ita ce ta goye ni. Shekarar da kawuna ya biya mata kujerar Makka, gero bai ko kai gwiwa ba ta fara shiri. Ta daka tukuɗi, ta yi dakuwa, ta sa aka yi mata kilishi, har buhu ya cika. Ta raba awakinta, ta bi gida gida tana neman gafara. Ni kuwa abinci ya daina shiga bakina, don na san labarin: tana ƙarama ubanta ya kama hanyar gabas da ƙafa, shi da jakinsa, ya ce ta jira shi shekara bakwai. Bai dawo ba. Na tabbata ita ma haka za ta yi mini.

Kawu ya yi bayani har ya gaji. Ya ce daga Yamai zuwa Jidda, in an tashi da hantsi, kafin la'asar an sauka. Zaman mota daga nan zuwa Yamai ma ya fi shi tsawo. Malaminmu na lakol, wato makarantar boko, ya zo da taswira ya gwada mata da tsinke. Kaka ta dube su sheƙeƙe, ta ce yaran zamani ba su da kunya, tafiyar da ta cinye namiji da jakinsa ita ce za a yi tsakanin fura da tuwo? Ta ƙara ɗaure buhunta.

A filin jirgi aka ce kayan sun yi nauyi. Kawu ya dawo mana da buhun, muka yi ta cin dakuwa har ta gundure mu.

Ana yankan gero sai ga Kaka ta dawo, ta rame, tana ƙamshin turare. Wallahi ban san lokacin da na faɗa jikinta ba. Da mutane suka watse na tambaye ta ko da gaske kusa ne.

"Takwara, da nisa," in ji ta. "Jirgin ne ke da sauri. Na roƙi wata mata ta bar mini wajen taga. Ban ci abincinsu ba, ban runtsa ba, ƙasa kawai nake kallo, rairayi ba iyaka. A cikinsa Baba yake. Ban san daidai ina ba, sai na yi ta yi masa sallama har muka sauka."

Yanzu 'ya'yana a waya suke duba nisan gari da gari, har da mintoci, ba mai daka tukuɗi. Bara Allah ya kira ni Makka, ni ma. Suka tambaye ni abin da nake so su tanada mini. Na ce ba komai, a dai samo mini wajen taga.